Hazon Bodele da Hayaƙin Gida: Abin da Ke Cikin Iskar Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya lulluɓe Kano ko Damagaram har jirage suka kasa sauka, duk tari da mura da ciwon ido akan jingina su ga hunturu. Jama'a na da hujja, amma ba ta kai ta wanke mutanen gari ba. In aka zuƙi iskar ta cikin matata aka kai ɗakin gwaji, kaya iri biyu ke fitowa: wanda hamada ta aiko, da wanda aka ƙona a unguwa.

Na hamadar an san gidansu. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta share ƙasan wani katafaren tafki da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Farar ƙasar wurin ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne masu jikin silika, ba ta da nauyi, shi ya sa take tashi cikin sauƙi har ta ƙetare Atilantika ta sauka a dajin Amazon. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura. Abin da ke iso ƙasar Hausa galibi garin yashi ne da yumɓu, sai ƙarfe da kalsiyam da fotashiyam. Tun 1980 mai bincike Grant McTainsh ya wallafa awon da ya yi na yadda wannan ƙura ke sauka a arewacin Nijeriya, kuma masanan ƙasar noma na lissafa ta cikin abin da ke ƙara wa gona taki, duk da wahalar da take ba huhu.

Kaso na biyu baƙi ne. Itacen girki da gawayi, janaretan da ke ruri a bayan shago, tsofaffin tireloli da a-daidaita-sahu, bolar da aka cinna wa wuta da ledoji a ciki, duk suna fitar da kunkunniya, wato ƙwayoyin kabon masu ɗauke da sinadaran da wasunsu ke jawo cutar daji. Kowace wuta da irin shaidar da take bari: hayaƙin itace na zuwa da wani sinadari mai suna lebogulukosan, tayar da ake babbaka da ita a wasu mahautai na barin tutiya, farar wutar da ke cikin man dizal kuwa sai ta rikiɗe a sama ta zama salfet. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan Adam.

Girman ƙwaya ne ke raba gardama. Kaurin gashin mutum kimanin maikiromita 70 ne. Mafi yawan nauyin ƙurar hamada yana cikin manyan ƙwayoyi, waɗanda hanci da maƙogwaro ke tare da yawansu a fitar a majina, ko da yake wani kaso nata na wucewa. Na hayaƙi kusan dukkansu ƙasa da maikiromita 2.5 suke, ajin da ake kira PM2.5, kuma su ne ke kaiwa can ƙuryar huhu, mafi ƙanƙanta ma su shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ƙa'idarta ta shekara ga wannan aji zuwa maikirogiram 5 a kowace mita kubik.

Hunturu kuma yana ƙara dagula lamarin. Da dare iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, hayaƙi ya rasa mafita, a daidai lokacin da mutane ke hura wuta a ɗaki da bakin titi don jin ɗumi. Farin hayaƙin da ke tsaye tsakanin gidaje da asuba, yawancinsa a unguwar aka haife shi.

Nan ne awon nauyi kaɗai ke yaudara. Na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyi ba tare da tantance sinadaransu ba za ta nuna hamada ce kan gaba, hukumomi su ce abin daga Allah ne, su naɗe hannu. Alhali kason da ake iya ragewa yana hannunsu. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna ana shigo wa Afirka ta Yamma da dizal mai farar wuta ninki ɗaruruwa a kan abin da Turai ta yarda da shi: dokar Nijeriya a lokacin ta amince da kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai 10. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka tsayar da 50. Ko dokar na aiki a gidajen mai, adadin salfet ɗin da ke maƙale a matata ne zai nuna, kuma wannan sai da tashoshin awo da ke tattara samfur duk shekara, damina da rani, a Bompai da Sharada da cikin birnin Kano.