Yadda na'ura ke karanta ɗabi'un jama'a a Liba, Jega da Aliero

Idan aka ambaci sa ido da ƙirƙirarriyar basira, hankalin mutane kan tafi ga kyamarorin da suka cika titunan biranen Sin. A gari irin Liba da ke ƙaramar hukumar Maiyama, ko kasuwannin Jega da Aliero, sa idon yana zuwa ne ta wayar da ke aljihu da na'urar POS da ke bakin kasuwa. Manhaja ce ake ciyar da ita da ɗimbin bayanai game da abin da mutane ke yi kullum, ta koyi tsarin da ke cikinsu, sannan ta yi hasashe a kan mutum guda: zai biya bashi ko ba zai biya ba, wane bidiyo zai riƙe hankalinsa, wace mu'amalar kuɗi ce ke kama da damfara.

An daɗe ana aza harsashin wannan. Ɗan asalin Jega, Farfesa Attahiru Jega, shi ne ya jagoranci hukumar zaɓe ta INEC lokacin da aka ɗauki zanen yatsun masu zaɓe a 2011, aka kuma shigo da na'urar tantance kati a 2015. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ta ƙara da duba fuska. Waɗannan tantancewa ce kawai, ba su fassara hali. Sai dai a gefe guda Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN a 2014, kuma a watan Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN. Daga nan fuska da layi da asusun banki suka koma ƙarƙashin suna ɗaya. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kuwa ya tura hatta mai sayar da albasa zuwa tura kuɗi ta waya, kowane ciniki yana barin sawu.

Inda fassarar ta fi taɓa rayuwa shi ne manhajojin ba da rance. Ba sa neman jingina ko mai tsayawa. Suna duba saƙonnin banki da ke cikin waya, yawan kuɗin da ke shiga da fita, da irin wayar kanta, su yanke hukunci cikin mintuna. A nan ne tangarɗar take. Manomin albasa a Aliero yana samun kuɗinsa ne a dunƙule bayan girbin rani, sannan watanni su shuɗe asusun na shiru yayin da kayansa ke ajiye yana jiran farashi ya tashi. Dillalin da ya san shi ya san mai hali ne. Manhajar da ta koyi darasinta daga ma'aikatan Legas masu albashin wata tana iya ɗaukarsa wanda ba shi da tabbas. Haka kuma gidan da waya ɗaya ke yawo tsakanin maigida da uwargida da ƙane: na'ura mutum ɗaya take gani, mai ɗabi'u masu karo da juna.

Wasu daga cikin manhajojin sun wuce gona da iri, suna kwasar lambobin da ke wayar mai bashi suna aika wa 'yan uwansa saƙonnin tozarci. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta far musu a 2022, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane.

Ga matasan da ke bibiyar siyasa, Facebook da TikTok su ne masu karatun da ba sa gajiya: daƙiƙa nawa aka tsaya kan bidiyon wani ɗan takara, wane aka tsallake, duk suna shiga lissafin abin da za a nuna gobe. A Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 bisa yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da hirarsa ta waya. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba mutum damar tambayar abin da kamfani ya tara a kansa, ya nemi a gyara ko a goge, ya kuma ƙi amincewa da babban hukuncin da na'ura ta yanke masa ita kaɗai ba tare da ɗan Adam ya duba ba. Dokar ta ce dole yarda ta kasance bisa sani. Sharuɗɗan da ake danna wa "na amince" kuwa galibinsu da Turanci suke, shafi bayan shafi, hedikwatar hukumar da za a kai wa ƙorafi kuma tana Abuja.