Waƙar Landan da Farin 1984 a Borno

A ranar 25 ga Nuwamba 1984, fitattun mawaƙan Birtaniya da Ailan kusan 40 suka hallara a wani ɗakin naɗar waƙa da ke unguwar Notting Hill a Landan. Yini guda ya ishe su naɗar waƙar "Do They Know It's Christmas?", wadda Bob Geldof da Midge Ure suka tsara, suka kuma sa wa ƙungiyarsu suna Band Aid. Abin da ya tada musu hankali shi ne rahoton da Michael Buerk na BBC ya aiko daga garin Korem na Habasha a watan Oktoba, haɗe da hotunan da Mohamed Amin ɗan Kenya ya ɗauka na bayin Allah da yunwa ta kassara.

Faifan ya fito a farkon Disamba, aka yi ta rububinsa. Mako guda bai cika ba aka sayar da kwafi miliyan 1, ya yi makonni 5 a kan gaba a kasuwar waƙa ta Birtaniya, ya tara kimanin fam miliyan 8. Shi ya haifi gangamin Live Aid na 13 ga Yuli 1985.

Farin da ya cinye Habasha bai tsallake Borno ba, sai dai ba nan masu ɗaukar hoto suka nufa ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Ruwa ya yi wa garin Baga nisa, masunta suka bi shi, bandar kifin da ake lodi zuwa Maiduguri da kudancin ƙasa ta ragu. Hukumar Raya Tafkin Chadi mai hedikwata a Maiduguri ta riga ta zuba maƙudan kuɗi a aikin noman rani na Marte domin alkama da shinkafa, sai ga magudanan sun ƙafe, injinan ban ruwa na zaune. Makiyaya kuwa, Shuwa da Fulani, ba su gama farfaɗowa daga ciwon bushiya da ya karkashe shanu a 1983 ba.

Ga kuma rufe iyakoki da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a Afrilun 1984. Hatsi ya daina tsallakawa yadda aka saba, shi ya sa har gobe mutanen Nijar ke kiran yunwar wannan shekara da El-Buhari.

Abin burgewa a tarihin nan shi ne dabarar talakawa. Da ruwa ya ja baya, manoma Barebari da Hausawa suka gangara cikin tafkin, suka shuka masara da wake a danshin da ya bari, sababbin ƙauyuka suka tsiro a inda jiya kwalekwale ke wucewa. Wannan noma ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

Kuɗin Band Aid sun ceci rayuka, har Nijar da Chadi sun samu rabonsu. Ba mai musun wannan. Amma hoton Afirka da waƙar ta cusa a zukatan Turawa, na nahiyar da ba ta iya ciyar da kanta, bai bar wa irin waɗannan manoma gurbi ba. Dalilin da ya sa ke nan Fuse ODG, mawaƙin Birtaniya ɗan asalin Gana, ya ƙi shiga sabon naɗin da aka yi a 2014.

A Nuwamban 2024 aka sake fitar da waƙar don cikarta shekara 40, mawaƙi Ed Sheeran ya ce da an tuntuɓe shi da bai yarda a sa muryarsa ba. A Borno kuwa, wannan karon ba fari ba ne, ambaliya ce: wata biyu kafin nan madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a shekarun 1980, ta ɓalle ta mamaye unguwannin Maiduguri da dama, ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu.