Yadda Filin Wasa Ya Durƙusar Da Kulob Ɗin Wasps

Duk ɗalibin da ya zauna a Ingila ya ga yadda Turawa ke ji da wasan zari-ruga. Kafin 1995 wasan na sha'awa ne kawai, doka ta hana a biya ɗan wasa albashi. Da aka ɗage dokar, sai kulob-kulob suka shiga neman kuɗi ido rufe.

Ɗauki Wasps, wanda aka kafa a Landan a 1867. Ya ci kofin Turai a 2004 da 2007, amma a filin haya yake wasa. A 2014 ya yi ƙaura zuwa Coventry, ya mallaki filin Ricoh mai cin mutum fiye da 32,000. Shekara ta zagayo, ya ciwo bashin fam miliyan 35. Nan fa aka ɗauki Dala ba gammo, domin magoya bayansa na asali an baro su a kudu. 'Yan kallo suka yi ta raguwa, annobar korona ta 2020 kuma ta rufe ƙofofi.

A Oktoban 2022 kulob ɗin ya durƙushe, mutum 167 suka rasa aiki. Worcester da London Irish su ma suka faɗi, babbar gasar Ingila ta koma kulob 10 daga 13. Darasin da ya rage wa sauran shi ne, kujerar da ba kowa a kanta ba ta biyan bashi.