Frank Percy Crozier da Shaidarsa kan Yaƙin Kano da Sakkwato na 1903

Frank Percy Crozier (1879–1937) hafsan sojan Birtaniya ne wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon mulkin mallaka, kuma yana cikin Turawa ƙalilan da suka rubuta abin da idonsu ya gani na ta'asar da aka yi lokacin cin Daular Usmaniyya da yaƙi. An haife shi a tsibirin Bermuda, ya fara ɗanɗana yaƙi a Afirka ta Kudu, sannan aka turo shi rundunar West African Frontier Force, wato rundunar da Birtaniya ta kafa a 1897, wadda hafsoshinta Turawa ne amma mafi yawan dakarunta 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu.

Yaƙin da Crozier ya halarta ya samo hujjarsa ne daga kisan Kyaftin Moloney a Keffi a watan Oktoban 1902, wanda Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya aikata kafin ya nemi mafaka a Kano, abin da Lugard, shugaban mulkin mallakar Birtaniya a Arewa, ya riƙe a matsayin dalilin kai farmaki. Rundunar Kanar Morland ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903 alhali Sarki Aliyu Babba yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato, aka kashe Wazirin Kano Ahmadu a Kwatarkwashi cikin wannan watan, sannan ranar 15 ga Maris aka yi arangama a filin Giginya da ke bayan birnin Sakkwato. A nan ne mahaya dawakai da 'yan baka suka fuskanci igwa da bindiga mai ruwa, wato bindigar Maxim da ake sanyaya bakinta da ruwa saboda yawan harsashin da take fitarwa, kuma faɗan bai daɗe ba aka watse. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas tare da jama'a masu yawa, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yulin shekarar.

Rahotannin da hukuma ta aika Landan sun fi mai da hankali ga tsarin yaƙi da ƙarancin asarar da Nasara suka yi, amma littafin Crozier mai suna Five Years Hard, wanda ya fito a 1932, ya bayyana abin da ya biyo bayan faɗan. Ya faɗi yadda aka bi waɗanda suka ji rauni ana ƙarasa su a inda suke kwance, da yadda aka riƙa sare gaɓoɓin gawarwaki domin a cire mundaye da sauran kayan ado, kuma ya ba da labarin ne da bakin wanda yake cikin rundunar da ta yi aikin.

Rayuwarsa ta baya ta ƙara wa wannan shaida nauyi. Ya kai muƙamin Birgediya Janar a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan a 1920 aka ba shi jagorancin rundunar taimakon 'yan sandan Birtaniya a Ireland, muƙamin da ya ajiye a Fabrairun 1921 bayan da aka mayar da mutanen da ya kora saboda wawushe dukiyar jama'a a garin Trim. Daga baya ya koma cikin masu adawa da yaƙi, ya wallafa The Men I Killed a shekarar da ya mutu.

Masana tarihi suna amfani da rubutunsa da taka-tsantsan, domin ya yi shi ne bayan kusan shekara talatin, kuma an san shi da kambama labari, ga kuma tarihin shaye-shaye da bashi da suka taɓa raba shi da aikin soja. Saboda haka akan auna maganarsa da takardun hukuma, da rubuce-rubucen malaman Sakkwato, da abin da aka tattara daga bakin dattawan da suka ga zuwan Nasara, kafin a kafa hujja da ita.