Tambarin Najeriya: Asalinsa, ma'anarsa, da kogin da ya ratsa Yawuri

Duk wanda ya taɓa riƙe fasfo ko takardar Naira ya san tambarin Najeriya: baƙar garkuwa, fararen dawaki biyu, da jar mikiya a sama. Sarauniyar Ingila Elizabeth II ce ta amince da shi a watan Mayun 1960, ana saura 'yan watanni a karɓi mulkin kai, kuma an tsara shi ne bisa ƙa'idar zanen tambura ta Turai.

Baƙin garkuwar na nufin albarkar ƙasar noma. Dawakin alamar martaba ne, mikiyar kuwa ƙarfi, tana tsaye a kan wani naɗi mai kama da gammo, kore da fari irin launin tuta. A ƙasa akwai furen wani tsiro da Hausawa ke kira takalmin zomo, wanda aka zaɓa saboda yana fitowa a sassa da yawa na ƙasar. Furen rawaya ne, amma sau da yawa ja ake zana shi, har a kan takardun hukuma. Taken da ke gindin tambarin, wato haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba, yana cikin sashe na 15 na tsarin mulkin 1999.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne farin zanen nan mai rassa biyu a tsakiyar garkuwa. Kogin Kwara ne da na Binuwai, da mahaɗarsu a Lokoja. In aka karanta shi kamar taswira, reshen hagu shi ne Kwara, wanda ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi, ya bi ta ƙasar Masarautar Yawuri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga. Sunan ƙasar ma daga wannan kogi ya fito: 'yar jarida Flora Shaw ce ta ba da shawararsa a 1897.

Sai dai kogin da aka zana a 1960 ba shi ne mutanen Yawuri ke gani a yau ba. A lokacin, Kwara cike yake da tsibirai, inda Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, suke zaune suna su da noman albasa. Daga "gungu", wato tsibiri, sunansu na Hausa ya samo asali. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki, ya haɗiye tsibirai da gonakin fadama da tsohon garin Bussa, wurin da Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yawuri. Kimanin mutum 44,000 aka tayar aka sake wa matsuguni. Tashar, mai injina takwas da ƙarfin megawat 760, ta shiga ba biranen ƙasar lantarki.

Zanen kogin da ke tambarin bai sauya ba, rayuwar bakin ruwa ce ta sauya. Kwale-kwale da jirgin katako su ne motar mutanen yankin zuwa kasuwa da gona, kuma haɗarinsu ba baƙo ba ne. A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka tsamo gawarwaki gommai, hukumomi suka ɗora laifin kan lodin da ya wuce kima. Da wuya a ce ƙasar da ta sa kogi a ƙirjin tambarinta ta biya mazauna gaɓarsa haƙƙinsu.

Dokar kafa hukumar HYPPADEC, mai kula da al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, ciki har da na Kebbi, ta samu sa hannu tun 2010, amma sai bayan kusan shekara goma hukumar ta kama aiki. A Yawuri kuwa, masarauta ta farfaɗo da bikin Rigata, inda matuƙa da masunta ke tseren kwale-kwale da ninƙaya a gaban Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi.