Daga organ ɗin Mamman Sani zuwa kwamfutar Hama

Duk wanda ya tashi a Yamai cikin shekarun 1980 ya san kiɗan Mamman Sani Abdoulaye, ko da bai san sunan mai shi ba. Shi ne ɗan kiɗan nan da rediyo da talabijin na ƙasa ke sakawa tsakanin shiri da shiri. Mu yara mun ɗauka daga Turai ake kawo shi. Ashe mutum ɗaya ne a nan garin, da organ ɗaya.

Tun kafin nan Mamman Sani ma'aikacin UNESCO ne, kuma a yawon aiki ya ci karo da organ ƙirar Orla ta Italiya, ya saye ta daga hannun wani ɗan Ruwanda. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset ɗinsa, wanda bai wuce kwafi ɗari ba. Abin da ya zuba a ciki na gida ne: karin waƙoƙin Fulani da Buzaye da sauran na ƙauye, hannun hagu na riƙe da gindin kiɗa, na dama na rera waƙar. Kaset ɗin ya yi shekaru a kwance, sai da Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na Amurka, ya tono shi ya sake fitar da shi a 2013. Daga nan dattijon ya fara zuwa Turai wasa.

Bayan Orla sai Yamaha ta cika gari, musamman jerin PSR, wadda ƴan Kano ke kira fiyano, suka kuma gina waƙoƙin finafinan Hausa a kanta. Da irinta wani makaɗi mai suna Hama ya fara. Direba ne a Yamai a lokacin, ya samu tsohuwar PSR-64, ya riƙa juya waƙoƙin gitar Buzaye da na gargajiya zuwa kiɗan na'ura. Kiɗansa ya zaga wayoyi ta bulutut da katin memori, galibi ba suna ba hoto. Faifansa Torodi, wanda ya fita a 2015, aikin fiyano ne. Houmeissa na 2019 kuwa a kwamfuta ya gina shi, da manhajar FruityLoops. Tsakanin faifan nan biyu za ka ji duk sauyin: na farko yatsu ne ke gudu, wani lokaci su yi tuntuɓe; na biyu hawa-hawa ne, sauti kan sauti, abin da hannu biyu ba za su taɓa ɗauka ba.

Ni sana'ata haɗa lasifika a wuraren biki, saboda haka gardamar fiyano da kwamfuta a gabana ake yin ta. Samari na cewa fiyano ta tsufa. A ɗakin haɗa kiɗa suna da gaskiya, ba na musu. Kwamfutar hannu ta gwanjo ta fi fiyano mai kyau araha, kuma a cikinta akwai ganga da kalangu da gurmi, duk wanda ka ɗauka ka adana. Ƴan rap na garin nan da ita suka samu ƴancin yin kiɗansu ba tare da biyan makaɗa ba.

Filin biki wani abu ne dabam. Mawaƙi yana tsakiyar baiti, sai uwar amarya ta miƙe da kuɗi a hannu. Dole ya saki abin da yake, ya kama kirarinta, ya ja shi muddin tana liƙi. Mai fiyano yana kallon bakinsa: ya maimaita amshi, ya rage gudu, ya ɗaga murya rabin mataki idan maƙogwaro ya buɗe. Kiɗan da aka riga aka jera a kwamfuta bai san uwar amarya ba, tafiyarsa kawai yake yi. Akwai masu iya sarrafa shi nan take, na gani, amma sai sun jona masa ƙaramin allon maɓallai, wato fiyanon ta dawo ta bayan gida.

Ga kuma zafi. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, wani yaro ya ɗora kwamfutarsa kan teburin ƙarfe ƙarƙashin rumfa. Fankarta ta yi ta kuka, ana cikin rawa ta daskare.

"Kawu, don Allah ka riƙe min mutane minti biyu," in ji shi, gumi na ɗiga kan maɓallai.

"To ɗana, da me zan riƙe su?"

Wani tsohon makaɗi ne ya fito da PSR ɗinsa daga buhun shinkafa, maɓalli biyu ɗaure da salatif, ya hura ƙurar ya kunna. A ɗauke wuta kam kwamfuta ta fi, tunda tana da batir, sai dai lasifikata ba ta da shi, don haka kowa jiran janareta yake.

Abin da ke kashe tsofaffin fiyano yanzu rashin kayan gyara ne. Na ƙarshen shekarun 1990 a faifan disket suke ajiye kiɗa, disket kuwa ya ɓace daga kasuwa. Masu gyara na cire ramin su dasa na USB, wasu makaɗan kuma na kwashe tsofaffin kiɗansu su zuba a kwamfutar ƴaƴansu kafin na'urar ta mutu da su a ciki.