Daga Fartanya da Tauraro Zuwa Fasta Mai Motsi

Fasta irin wadda muka sani a yau ta samo asali ne daga ƙasashen Turai. A shekarar 1796 wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano hanyar ɗab'i da dutse, inda ake zane da man shafawa a kan dutsen, tawada ta kama zanen ta bar sauran wurin da aka jiƙa da ruwa. Da wannan dabara ce Jules Chéret ya cika bangayen birnin Paris da fastoci masu launi tun daga shekarun 1860.

A nan Arewa kuwa, maganar ɗab'i ba ta cika sai an ambaci Kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945. Aikin maɗaba'a a wancan zamani na haruffan dalma ne, ana jera su, hoto kuma sai an yi masa farantin ƙarfe na musamman, ga tsada ga jinkiri. A ganina wannan ƙunci na na'ura, tare da ƙarancin masu karatun boko, shi ya sa alama ta fi fuska daraja a fastocin siyasar farko. A zaɓen 1959 fartanya ita ce NPC, tauraro shi ne NEPU, kuma alamar ce mai zaɓe yake nema a jikin akwati. Har a 1979 haka abin yake: mabuɗi na PRP, gida da masara na NPN. Mai zanen lokacin ba shi da launi fiye da ɗaya ko biyu, dole ya yi abin da za a gane daga tsallaken titi.

Da injin ofset ya yawaita, buga hoto mai cikakken launi ya yi sauƙi, sai fuska ta fara ture alama. Gidajen silima na Kano irin su Palace da Plaza sun riga sun sabar wa jama'a da fastocin finafinan Indiya masu manyan fuskoki, don haka da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, wannan salo suka ɗauka. Zuwan kwamfuta da manhajojin CorelDraw da Photoshop ya ƙarasa aikin. Yaro ɗaya a shago yana iya yanko fuskokin 'yan wasa goma ya jera su a takarda guda kafin la'asar, kuma dillalan kasuwar Ƙofar Wambai sun san fuskar da ke sayar da kaset. Ni dai ban taɓa ganin cunkoson nan ya ƙara wa fasta kyau ba, amma ya kori masu zanen hannu da buroshi, da yawansu suka koma rubutun allunan shaguna da jikin motoci.

A yanzu da wayar hannu ta shiga ko'ina, fastar fim tana fita ne a Instagram da WhatsApp, sunan fim yana tasowa, kiɗa yana bi, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Takarda ta fi rage wa 'yan siyasa, domin su har gobe bango suke so. Abin da ke damun mai neman tarihi shi ne ajiya: tsohuwar fasta ana iya tsintarta a akwatin wani dattijo, amma wadda aka ɗora a "status" na WhatsApp bayan awa 24 take ɓacewa.